Matar Hakimi a Banɗakin Daeng Kebo

Shekara goma sha ɗaya Daeng Kebo ta yi tana aiki a gidan gasasshen kifi na Haji Mappatunru, bayan tashar jiragen ruwa ta Paotere a Makasar, amma idan ka tambayi Hajin aikinta sai ya ce wanke-wanke. Wanke-wanke fa! Matar da ta tashi a tsibiri, ubanta mai nutso ne, ta yi shekara goma sha biyar tana tantance kifayen ado a wani kamfani mai tura su Turai, har gishiri ya cinye mata farce. Da ta kalli yadda kifi ke kaɗa wutsiya za ta gaya maka ko zai kai Juma'a. Amma tunda ba ta da takarda mai hatimi, kuma da silifas ɗin roba take yawo, shi ke nan, sunanta mai wanke-wanke.

Abin taƙamar gidan shi ne wani tankin gilashi da ya cinye bango guda, cike da ruwan teku da duwatsun murjani da kifaye masu launi kamar 'yan rakiyar amarya. Can ƙasa a kan yashi wata macen kifin shak, dangin kifayen teku masu cin nama, ke kwance, irin ƙananan nan masu ratsi, tsawonta kamar hannun mutum. Daeng Kebo ce ta raine ta tun ba ta fi cokali ba. Ita ta sa mata suna Matar Hakimi, don ba ta motsawa sai an kawo abinci, shi ma sai an soka a tsinke an kai mata har baki.

Dokar Daeng Kebo ɗaya ce: baƙon kifi sai ya yi wata guda a roba a bayan gida kafin ya shiga tanki. To, ana saura kwana goma bikin autar Haji, sai surukinsa Irwansyah, mijin babbar 'yarsa, wanda aka ba manaja don kada ya zauna a banza, ya sayo kifaye ashirin a kasuwa ya juye su kai tsaye. Wai a ƙara wa tanki kyau, tunda a gabansa za a kafa kujerun ango da amarya.

Kwana uku aka yi, kifaye suka fito da fararen ɗigo kamar an barbaɗa musu gishiri, suna ta gurza jiki a duwatsu.

Daeng Kebo ta sami Haji a teburinsa, yana tsoma soyayyar ayaba a kofi. Ta fara da Puang, lakabin girmamawa na garin.

"Puang Haji, ƙwari ne, ƙanana da ido ba ya gani. Su ci fatar kifi, su faɗa cikin yashi su hayayyafa, su sake tasowa. Zan kwashe kifayen duka zuwa robobi, a can zan ba su shuɗin magani. Matar Hakimi ta zauna ita kaɗai a tankin sati shida ko fiye, har ƙwarin su mutu da yunwa."

"Tanki fayau ranar biki? A gaban dangin ango da za su taso tun daga garin Bone? Kebo, kina so a ce na talauce ne?"

Irwansyah ya ɗago waya. "Baba, na karanta. Kwalba ɗaya ake zubawa a tankin, kwana biyu an gama."

"Ka karanta har ƙasa kuwa, manaja, ko hoton ka kalla?" in ji ta. "Akwai jan ƙarfe a maganin nan. Sauran kifaye suna jurewa, shak ba ta jurewa. Kashe ta za ka yi."

"Daeng, shak ce fa. Mutane take ci."

"Wannan? Ko kai da ba ka da ƙashi ba za ta iya cinye ka ba."

Haji ya buga tebur ya ce ta koma kan kwanukanta.

Ta tafi sallar azahar, abin da bai fi minti ashirin ba. Ta dawo ta tarar da kwalbar maganin a gefen tankin, babu ko ɗigo a ciki, Irwansyah ya juye duka. Kafin la'asar, Matar Hakimi da ba ta taɓa tashi don kowa ba tana hawa gilashi tana zamewa, tsagogin wuyanta suna buɗewa da rufewa kamar mai tseren gudu.

Daeng Kebo ba ta nemi izinin kowa ba. Ta ɗaure zani a ƙugu, ta jawo kujera, ta faɗa cikin tankin har ƙirji, masu cin abinci suna kallo da shinkafa a hannu. Ta naɗe kifin a jiƙaƙƙen mayafinta, ta saka a roba, ta ɗora a keken haya mai ƙafa uku, ta ce wa mai keken ya taka kamar matarsa ce ke naƙuda.

A gida, wuri ɗaya ne zai ɗauki kifin: kwarmin tayil na ruwan wanka da ke banɗaki. Ta kwashe ruwan ta wanke shi tas, ƙaninta mai kwale-kwale ya kawo jarkoki na ruwan teku mai tsabta daga nesa da tasha, ta jona ɗan injin hura iska cikin ruwa. Mijinta Daeng Ngalle ya shigo da tawul a kafaɗa, ya leƙa, ya yi baya da salati.

"Uwar yara, mene ne wannan?"

"Baƙuwa ce. Ka gaishe ta."

"To ni a ina zan yi wanka?"

"Masallaci ba shi da famfo ne?"

Da yamma Irwansyah ya aiko saƙo a waya: an kore ta, kuma idan ba ta dawo da kifin ba za a kira 'yan sanda. Ta karanta, ta ajiye wayar, ta zauna a kan bokiti tana kallon numfashin Matar Hakimi yana daidaita a hankali. Ta san a shekarunta babu mai ɗaukarta wani aikin. Ta kuma san wani abu da manaja bai taɓa durƙusawa ya duba ba: bututu ɗaya ne ke zagaya ruwa tsakanin tankin ado da kwarmin da ake ajiye ƙaguwa da manyan jatan lande masu rai na biki, su ma kuwa ba sa jure jan ƙarfe. Ta buga masa waya sau biyu don ta gaya masa, ya kashe.

Washegari da hantsi mota ta tsaya a bakin lungu. Haji ne da farar hularsa, yana tsallake kwata, Irwansyah a bayansa kamar kazar da ruwa ya daka.

"Kebo, ƙaguwar duk sun mutu. Har da jatan landen. Ko ɗaya ba ya motsi."

"Allah ya ji ƙansu, Puang Haji. Kada dai a dafa wa dangin ango."

Ya gyara hula ya ce, "Ita fa?"

Ta nuna masa ƙofar banɗaki. Mutumin da ya je Makka sau uku ya tattare zaninsa na siliki, ya tsuguna kusa da buta, ya leƙa. Matar Hakimi tana kwance a kan tayil, ta juya masa wutsiya.

"A mayar da ita yau," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba inda za ta. Maganin ya shiga duwatsu da yashi. Sai an zubar da su duka, an wanke tankin, an sake sabon ruwa. Kuma makullin kabad ɗin magani a wuyana zai zauna. Manaja ya riƙe wayarsa."

Ranar biki, labule mai ruwan zinariya aka rufe tankin da shi, aka ce ado ne na zamani. Dangin ango suka yaba, suka ci kaza.

Sati bakwai Matar Hakimi ta yi a banɗakin nan. Daeng Ngalle ya yi ta zarya masallaci da tawul sau biyu a rana har jama'a suka ɗauka shiriya ce ta same shi, suka ba shi na'ibin ladan. Cikin kifayen da aka kwashe zuwa robobi daga baya, biyar suka mutu, sauran suka warke.

Har gobe idan baƙo ya tambayi Haji wace ce matar can mai makulli a wuya, cewa yake yi mai wanke-wanke ce. Sai dai yanzu yakan waiga tukuna ya ga ko tana kusa.