Irin Gawon Da Na Tsinto A Turken Awaki

Cikin shekaru ukun da na yi ina aiki a lambun renon itatuwa na bakin gulbi, nan garin Isa, akwai ranar da ba ta taɓa fita raina ba. Ita ce ranar da na shigo lambu da daron kashin awaki bisa kai, ɗiyata Ma'u tana goye a bayana. Sabbin matan da anka ɗauka bana suna ta tambayata abin da ya sa ake ce mini Uwar Awaki, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ga yadda yake. Da bazara muke farawa. Muna haɗa ƙasa da yashi da taki, mu cika ƙananan ledoji baƙaƙe, mu jera su layi-layi ƙarƙashin rumfa. Kowace leda a sa mata iri, a ba ta ruwa safe da yamma. In damina ta kankama sai a kwashe tsiron a kai ƙauyuka, a raba wa manoma su dasa. Babbanmu shi ne Malam Sanusi, malamin daji, yana zuwa ranar Laraba bisa babur. Ƙarƙashinsa sai Hajo, shugabar mata, ita ke raba layuka. Akwai kuma maigadi, Baba Altine, tsohon makiyayi ne da ya daina bin shanu. Dokar aikin guda ce: wadda layukanta sunka yi kyau za a sake kiranta baɗi, wadda nata sunka mutu sai a ba wata.

Shekarata ta farko ce. Ba mu daɗe da tasowa daga Kamarawa ba saboda rashin kwanciyar hankali, mun bar gonarmu can, muna zaune gidan surukata. Maigidana yana kabu-kabu hanyar Sabon Birni, wata rana a samu, wata rana a'a. Aikin nan shi ne abin da na riƙa da hannu biyu.

Ranar da anka raba iri ba na nan. Ma'u ta kwana biyu da zazzaɓi, na kai ta asibiti. Ni kuwa in jikin yarinyar nan ya yi zafi ba na jin maganar kowa. Da na dawo, Hajo ta miƙo mini ƙullin iri ta ce, "Naki gawo ne, layi shida na can ƙarshe." Ta wuce, ni ma ban tambaya ba. Na ga wata takarda manne a ƙofar sito, amma da Turanci take, karatuna bai kai nan ba. Na shuka shi yadda na ga ana shuka zogale, na ci gaba da ban ruwa.

Mako ɗaya, zogalen Hajo ya fito. Mako biyu, bagaruwa ta fito. Mako uku, layukana ƙasa ce kawai, in ban da tsiro 'yan ƙalilan da ba su cika tafin hannu ba.

Laraba ta zo. Malam Sanusi ya tsaya kan layukana, ya tsuguna ya tona leda ɗaya da yatsa, ya fito da ƙwayar ya matsa ta. Sai ta fashe, cikinta fanko, ƙwaro ya cinye.

"Malama Luba, kin jiƙa shi da ruwan zafi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban san ana jiƙawa ba."

"Kin zubar da waɗanda sunka taso saman ruwa?"

Na ce ban zubar ba. Ya dubi Hajo, Hajo ta dubi ƙasa ta ce ta ɗauka na sani. Bai yi faɗa ba, da ma ba mai faɗa ba ne. Ya bayyana mini cewa ɓawon irin gawo tauri gare shi kamar tsakuwa, sai an tausasa shi ruwa ke shiga, kuma jiƙon ne ke fitar da masu ƙwaro. Sannan ya ce, "Matsalar ita ce irin ya ƙare, sito babu ko ɗaya, kuma ɗiyan gawo sun gama zuba tun tuni. Za ni tafi taro birni, sai bayan Laraba biyu za ni dawo. In na tarar da layukan nan haka, dole in rubuta abin da na gani."

Na san abin da rubutun yake nufi. Da anka tashi aiki na shiga neman iri. Na bi kasuwa wurin masu sayar da abincin dabbobi, sunka ce ɗiyan gawo sai wata shekara. Na je gindin wani babban gawo bayan gari, na duba har cikin ƙaya, tumaki sun share wurin tas.

Kwana biyu bayan haka, da safe, ina yi wa Ma'u wanka a tsakar gida. Kullum kusa da turken awakin surukata nake zubar da ruwan, don nan ne gangare. Da na kai robar za ni juye, sai na ga wasu 'yan tsirrai a jiƙaƙƙen wurin, inda igiyar awakin ba ta kai. Ganyensu ƙanana ne, a jere biyu-biyu kamar haƙoran mataji. Mako uku ina kallon 'yan ƙalilan ɗin da sunka fito a layukana, ba za ni kasa gane su ba.

Na kira surukata. "Inna, mi kika ba awakin ga da rani?"

"Mi za ni ba su in ba ɗiyan gawo ba? Buhu biyu sunka cinye, ga su nan ko ƙiba babu."

Na tsuguna na tona ƙasan turken da tsinke. Ga ƙwayoyin nan, masu ruwan ƙasa, suna sheƙi. Wasu cikin busasshen kashi, wasu a warwatse inda awakin sunka tofar lokacin tuƙa. Na matsa ɗaya, na matsa biyu, ba wadda ta fashe. Inna tana tsaye tana kallona ta ce, "Luba, lafiyarki ƙalau?" Na ce mata lafiya lau, ta ara mini tsintsiya da babban daro.

Haka na shiga lambu washegari. Hajo ce ta fara hango ni.

"Ke Luba, taki muna da shi. Ko tuwon rana ne kinka kawo muna?"

Mata sunka kwashe da dariya. Wata ta ce in matsa can iska na kawo musu. Kunya ta kama ni, kuma ga tsoro, don ban sani ba ko abin da nake yi ya saɓa dokar aiki. Na wuce ƙarshen rumfa na zauna, na fara murje kashin bisa rariya ina tsince ƙwayoyin.

Baba Altine ya taso daga bakin ƙofa da sandarsa. Ya fara tsokanar Ma'u yadda ya saba, "Amaryata, yau ma ba ki gaishe ni? To na fasa auren." Sannan ya leƙa rariyar, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya juya ta a tafinsa. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Ɗiyata, wa ya gwada miki wanga?"

Na ce, "Ba kowa, Baba. A turke na gani. Ko kuskure ne?"

"Kuskure? Duk gawon da kika taɓa gani tsakanin nan da Sabon Birni, ta wagga hanya ya zo. Ba wanda ya shuka shi da hannu."

Ya zauna bisa bulo, ya ce in ci gaba da aikina yana magana. Ya ce lokacin da yake yaro yana bin shanun babansa, tsakanin gari da gari daji ne, gona ba ta haɗe da gona ba. Manomi ya noma wuri shekaru kaɗan sai ya bar shi saura, wato ya huta, ya koma wani. In an gama girbi, mai gona da kansa ke zuwa ruga ya roƙi a kawo shanu su kwana gonarsa, har ya ba da damen gero. Shanu da awaki su ci kara, su ci ɗiyan gawo, su zuba taki. Cikin dabba shi ke tausasa ɓawon, shi ke kashe ƙwaron. Ruwan farko na sauka sai tsiro ya fito. Manomi in ya zo da hauya ya gan shi, sai ya kewaye shi, don ya san gawo na zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, kuma geron gindinsa ya fi na ko'ina.

Na ce, "To Baba, mi ya hana yanzu?"

"Mutane sunka yi yawa, saura ta ƙare. Burtalin da garke ke bi anka noma shi har ya koma kamar hanyar zuwa rijiya. Kara a kwashe a kai gida, ɗiyan gawo a kakkaɓe da gora a kai kasuwa, awaki a ɗaure su a turke. Garmar shanu kuwa ba ta san kewaye ba, abin da ta tarar ta yanke. Daga baya kuma wagga fitina ta zo, mai gona na tsoron mai shanu, mai shanu na tsoron mai gona." Ya nuna hayin gulbi da sanda. "Dubi can. Kin ga yaro cikinsu?"

Na duba. Gawo ne manya-manya a tsaye cikin gonaki, wasu rassansu sun bushe. Sai na tuna gonarmu ta Kamarawa. Guda huɗu ne a ciki, duka sun girmi babana, kuma tun tasowata ban taɓa ganin ƙarami kusa da su ba. Na sha lura da haka, ban taɓa tambayar dalili ba.

Hajo ta matso tana saurare. Can sai ta janyo kujera ta zauna, ta toshe hanci da gefen gyale, ta sa hannu cikin daron. "Ni na jawo miki, da na gaya miki zancen jiƙo. Kawo rariyar." Kafin azahar mu huɗu ne a kai. Washegari wasu mata biyu sunka sharo nasu turakun sunka kawo. Munka zazzage ledojin, munka sake cikawa, na sa ƙwaya bibbiyu a kowace don ban yarda da sa'ata ba.

Kwanakin da sunka biyo baya ban da sukuni. In ina ba Ma'u nono hankalina na kan layuka, in ina kan layuka ina taɓa goshinta ko zazzaɓin ya dawo. Ran kwana na shida na ga ƙasar wata leda ta tsage. Ran na tara layi biyu sun yi kore. Ba duka sunka fito ba, akwai ledojin da har yau ban san abin da ya hana su ba, amma mafi yawa sun fito.

Malam Sanusi ya dawo ranar da ya ce. Ya kafe babur, ya bi layukan kowa da littafinsa, ya zo nawa a ƙarshe. Ya tsaya, ya koma farkon layin ya sake bi.

"Ina kinka samu iri?"

Kafin in amsa, Hajo ta ce, "Ranka ya daɗe, awakin surukarta sunka ba da gudummawa."

Ya sa na ba shi labari tun daga ruwan wanka. Da na gama ya yi dariya har ya cire hula. Ya ce a makaranta an gaya musu dabbobi na yaɗa irin gawo, ya ma rubuta a jarrabawa, amma bai taɓa kawo wa ransa ya je turke neman iri ba. Ya ce bayanin jiƙon ne ke cikin takardar ƙofar sito, laifin nasa ne, daga yau da baki za a riƙa faɗa, da Hausa. Na tambaye shi a hankali, "To zancen baɗi fa?" Ya ce, "Baɗi gawo naki ne, sai in ke kinka ƙi."

Baba Altine daga bakin ƙofa ya ce, "Malam, a rubuta sunan awakin su ma, su sunka yi rabin aikin." Daga ranar Hajo ta laƙa mini Uwar Awaki, ya bi ni.

Da ruwa ya zauna anka kwashi tsiron a mota anka kai ƙauyuka, har da wajen Kamarawa. Ban samu zuwa ba, hanyar ba ta yi daɗin bi ba lokacin. Amma ƙanen maigidana ya karɓi biyar ya dasa a gonarmu, kusa da tsofaffin nan huɗu. Ya ce uku sun kama.

Abin da na koya, ku sabbin shiga, shi ne wanga aiki namu ba sabo ba ne. Aikin da shanu da awaki da mai hauya ke yi tare ne tun kafin a haife mu, da sunka rabu ya faɗo hannunmu, muna yi da leda da bokiti. Don haka in an ba ku iri ku tambaya, ko da za a yi muku dariya. In tsoho ya zauna kusa da ku yana magana, kada ku ce surutu ne. Kuma ku riƙa duban ƙasa, ko a tsakar gidanku.

Cikin waɗanda sunka fito a bakin turke na bar guda ɗaya ban cire ba. Yanzu ya fi Ma'u tsawo, ita ke ba shi ruwan wankanta da kanta. Na kewaye shi da ƙaya har ninki biyu, don awakin Inna, su da sunka kawo shi duniya, kullum wuyansu a miƙe yake suna neman cinye shi.