Jan Ƙyalle a Sitiyari

Na fi shekara ashirin ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane a garejinmu na unguwar Sakasaka a Tamale. Baya ya gaji, ido ya gaji. Amma gajiyar da ta zauna mini a ƙashi ta wata damina ce, lokacin da aka bugo waya cewa gwaggona tana kwance rai a hannun Allah, kuma sunan Baba kawai take kira.

Ita ce yayarsa, ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Aure ya kai ta wani ƙauyen manoman doya arewa da Tamale, bayan wata fadama da ke cika duk damina har ta haɗiye hanya. Baba ya ce mu hau babur zuwa bakin ruwa, mu shiga kwalekwale. Na ƙi. Tsohon da ko masallaci sai a zaune yake salla, shi zan ɗora bayan babur awa uku cikin taɓo? Na ce da jif ɗina za mu, tsohuwar dizal da na saya a mace na tashe ta. Na ce ya ba ni yini ɗaya in shirya ta.

Ya dube ni, ya ce shi dai ya san ba a fafe gora ranar tafiya, amma tun da ɗansa fita ne, wato makaniki, bari ya ga ikon Allah. Ya sa aka kawo shi garejin, ya zauna kan benci da jakarsa a cinya, da ƙullin goro da ya saya mata. Wai kada in manta ana jirana.

Mota ba ta tsoron taɓo yadda take tsoron ruwa. Injin ya shaƙi ko cikin kofi ɗaya, an gama. Na samo bututun roba na masu aikin famfo, na haɗa da mashaƙar iska, na miƙar da shi ta gefen gilashi har saman rufi, na liƙe kowace gaɓa da gam. Gam kuwa ba ya jin roƙo, sai ya ga dama yake bushewa. Na ja ƙananan tiyo daga mashaƙar akwatin giya da ta ƙafafu na ɗaure su sama. Na cika kan batir da giris, na naɗe wayoyi, na yanko tamfol da zan rufe gaban motar da shi. Azahar ta yi, la'asar ta yi, ina ƙasa, giris har cikin kunne. Duk sanda na leƙo sai in ga ƙafafun Baba cikin silifas, ba su motsa ba. Sau ɗaya ya tambaya ko saura da yawa. Na amsa masa da faɗa, na ce sauri ya kan haifi nawa. Har yau ina jin kunyar muryar da na yi masa magana da ita.

Akwai wata ƙa'ida da mastanmu da ya koya mana aiki, Allah ya jiƙansa, ya dasa mana da mari. Duk abin da ka kwance a mota da niyyar ka mayar daga baya, ka ɗaura jan ƙyalle a sitiyari. Ba ka cire shi sai ka mayar. Ya ce kan fita rariya ne, amma hannu ba zai riƙe sitiyari ya manta da ƙyalle ba. Ban taɓa saɓawa ba.

Washegari muna idar da asuba muka kama hanya, hantsi muka isa bakin ruwa. Na kashe mota ta huce, don ƙarfe mai zafi zuƙar ruwa yake yi. Na tuɓe riga na shiga da sanda ina auna zurfi, ruwan ya kawo mini ƙugu, ƙasan kuma tsakuwa ne. Na dawo na ɗaura tamfol, sannan na sassauta bel ɗin fanka, don idan fanka ta juya cikin ruwa lanƙwashewa take yi ta farke lagireto. Na ɗaura jan ƙyallena a sitiyari, na yi bismilla, na sa giya ɗaya.

A tsakiya ruwa ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa. Baba ya ɗaga goronsa sama, leɓɓansa na motsi. Gilashi ya yi hazo har ban iya ganin itacen da na sa wa ido a wancan gefen, idan kuwa na kauce rami ne. Hannuna ya fizge abin da ya fi kusa na goge gilashin, na jefar da shi ƙasa. Muka fito tana tsiyayar ruwa, injin ko tari bai yi ba. Masu kwalekwale suka yi mana tafi. Na cire tamfol kaina na kumbura, na dubi Baba na ce ya ga amfanin shiri. Sitiyari fes, ashe jan ƙyallen na fizge na goge gilashi, babu abin da ya tuna mini da bel.

Bel ɗin da ke juya fanka shi ke juya famfon ruwan injin. Allurar zafin motar kuwa ta daɗe da mutuwa, kullum ina cewa gobe. Ba mu yi nisa ba tururi ya turnuƙe daga gaba, a busasshiyar ƙasa, tsakanin gonakin masara. Ina buɗe murfi na ga bel yana lilo. Ɗaure shi bai ci minti biyar ba. Jiran injin ya huce, da ɗebo ruwa a galan daga wani kududdufi, da ɗaure tiyon da ya fashe, su suka ci awa biyu. Baba yana tsaye jingine da ƙofa yana kallon sifana a hannuna. 

A bakin ƙauyen muka haɗu da maza suna dawowa, da fartanya da shebur a kafaɗa, ƙafafunsu duk jar laka. Ba sai an gaya mana ba. Sun ce har hantsi tana numfashi, sun ɗan jira mu, amma hadari ya haɗo, kabarin damina kuma ba ya jira.

Mijinta, tsoho tukuf, ya riƙe hannun Baba ya tambayi abin da ya tsare mu. Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, Baba ya riga ni.

"Ruwan ne. Ruwan ya yi yawa paa. Ba don wannan yaro ba, da sam ba mu iso ba koraa."

Ya miƙa goron aka raba wa masu zaman makoki. Kowa ya zo sai ya sa mini albarka, ni kuwa ji nake kamar ana ɗora mini buhu kan buhu.

Bayan sadakar uku muka juyo. A bakin ruwa na sauka, na ɗaura tamfol, na sassauta bel, jikina duk a mace. Da na buɗe ƙofa sai na tarar da Baba ya sunkuyo daga kujerarsa, yana ɗaura jan ƙyallen a sitiyari. Ashe ya tsince shi tun ranar, ya wanke, ya ajiye a aljihu. Ya ƙulla sau biyu, ya ja ya ga ya kama, sannan ya gyara zama.

"Mu tai gida," ya ce. "Yanzu ba wanda ke jiran mu."