Sunan da Na Faɗa a Yamai

Wata bakwai kacal muka yi tare da Malam bayan aure, sai aikin gwajin jini ya kai shi ƙasar Turawa. Ni aka bar ni a Ƙaura, gidan Inna mahaifiyarsa, ina jiran bizar da za ta kai ni wurinsa. Jiran nan ya ci shekara biyu. Wasiƙa yake aikowa da kaset. In shige ɗaki in kunna rikoda ƙasa-ƙasa, Inna kuma ta yi ta tari a tsakar gida don in san tana nan. Wallahi na yi kewarsa har na rame.

Da farko Legas aka ce mu nema. To matar wani maƙwabcinmu sau uku tana zuwa Legas tana dawowa da "sai wata mai zuwa". Ran nan Malam ya bugo gidan waya, ya ce ya bincika: tunda a Maraɗi aka haife ni kafin Baba ya komo da mu Shinkafi, kuma takardun haihuwata na can ne, ana iya shigar da nawa a ofishin jakadancinsu na Yamai. Layin can gajere ne. Amma fa ya ja kunnena, ya ce in suka yi shakkar auren sau ɗaya, sai mu koma bayan layi.

A shekarar aka ƙaddamar da shari'a, kotu cike da jama'a, amma muka samo takardar aure da hatimin alƙali. Hoton biki ne babu. Ina za mu samu? Ranar ɗaurin aure ina ƙuryar ɗaki a lulluɓe, shi abokansa sun tafi da shi, waliyyai ne suka gama komai a ƙofar gida. Saboda haka takarda, wasiƙu da bakina su ne shaidata.

Yayana, dillalin shanu, shi ya raka ni. Ya bar kasuwar Alhamis saboda ni, kuma daga Zurmi har Jibiya bai bar ni na manta ba. A mota yana gaba, mu mata muna baya, yana juyowa yana cewa, "Ke, wanga miji naki ya fi bijimi tsada."

A Yamai aka tsayar da shi a bakin ƙofa. Na shiga ni kaɗai. Wata Baturiya na zaune bayan gilashi, a gefenta tafinta, wata dattijuwa 'yar Damagaram mai tabarau. Tambayar farko, tafinta ta ce, "Madam, tana son ki faɗi sunan mijinki."

Na ce, "Malam."

"Sunansa na yanka."

Na nuna takarda, na ce ga shi nan a rubuce. Baturiya ta ɗago kai ta dube ni, ta ajiye biro. Jama'a, ni da ko telan unguwarmu mai irin sunansa, "mai sunan Malam" nake ce masa! Uwata har ta mutu ban taɓa jin sunan Baba a bakinta ba. Yanzu a ce in buɗe baki gaban baƙuwa in kira mijina kamar ina kiran yaron aike? Raina ya ɓaci, na ce, "Baban gidanmu ne. Ita ba ta iya karatu ba ne?"

Tafinta ba ta juya wannan ba, Allah ya saka mata. Ta yi wa Baturiya bayani mai tsawo, ita kuma ta girgiza kai, ta soma tattara takarduna wuri ɗaya. Sai dattijuwar ta matso kusa da gilashi ta rage murya.

"Ɗiyata, na gaya mata al'adarmu ce. Ta ce ta ga mata da yawa da aka yi wa auren takarda, ba su san ko sunan mutumin ba. Ni ma shekara talatin ban faɗi na nawa ba. Amma ke zaɓi: kunya ko mijinki."

Na tuna kaset ɗin ƙarshe, inda yake cewa ya gaji da cin burodi shi kaɗai a tsaye. Na ja bakin hijabina na rufe rabin fuska, na dubi ƙasa, na faɗa. Muryata ta fito kamar ta mai zazzaɓi. Aka ce in ƙara da ƙarfi. Na ƙara, sai hawaye shar. Baturiya ta daɗe tana kallona, sannan ta mayar da takardun gabanta ta ɗauki biro. Sauran tambayoyin ban ma tuna su ba.

Da na ba Inna labari ta riƙe haɓa ta ce, "Awo, Nasara ba su da ta ido." Sai kuma ta yi dariya har da riƙe ciki. Malam kuwa da ya ji ta waya cewa ya yi, "Wato wata a Yamai ta ji, ni mai abin ban ji ba? To faɗa mini yanzu." Na ce kuɗin waya na tafiya, na ajiye.

Bayan wata uku na sauka a filin jirginsu. Mutane kamar ranar kasuwa, ba fuskar da na sani, ba kalmar da nake ji. Can na hango ƙeyarsa. Ya ba ni baya, yana leƙen wata ƙofa daban, da rigar sanyi a hannu wadda ya sayo mini. Na ce, "Malam!" Bai ji ba. Na sake, hayaniya ta haɗiye. Sai na ga ya soma tafiya, yana nisa, mutane na shiga tsakaninmu. Tsoro ya kama ni. Na saki jakata na ƙwala masa kira da sunan da uwarsa ta raɗa masa.

Ya tsaya cak. Ya juyo, rigar ta faɗi ƙasa, bai ko dube ta ba. Da ya iso gabana idonsa ya cika, bai yi sallama ba, bai tambayi hanya ba.

Ya ce, "Don Allah sake faɗi."

Na ce, "Allah ya kiyaye. Ɗauko rigar, sanyi nake ji."