Kifin da ya sauko daga sama a Banifandu

A damina ta biyu da muka yi a gidan haya a unguwar Banifandu, wata safiya bayan ruwa mai yawa, aka tarar da gaiwa biyu suna mutsu-mutsu a tsakar gidanmu. Kafin in gama dama koko gidan ya cika da mutane, kowa da salula a hannu yana ɗaukar hoto, wai kifi ya faɗo daga sama.

Maƙwabcinmu malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ya yi karatu a jami'a can Lamorde kuma ba ya bari a manta, ya tsaya a bakin ƙofa yana bayani. Wai guguwa ce ta tsotso su daga kogin Isa, babban kogin da ya ratsa garin, ta riƙe su cikin gajimare, ta zo ta sauke mana. Wai ya karanta cewa a wasu ƙasashe har kwaɗi aka taɓa zubowa. Ban san me ya sa guguwar ta ƙetare unguwanni da yawa ta zaɓi gindin bangon ɗakin 'ya'yana ba.

Alhaji mai gidan kuwa cewa ya yi albarka ce ta sauka a filinsa. Ya sa aka zuba kifin a bokiti don baƙi su gani.

Ni a ƙauye na girma, a yankin Tawa, kusa da tabki. Mahaifina tubali yake yi. Gaiwa takan shige laka idan ruwa ya ƙafe, ta kwanta kamar matacciya, sai a haƙo ta cikin ƙasa a gina da ita ba a sani ba. Ba ta farkawa sai ruwa ya kai inda take. Na zagaya na duba bangon, na ga rami a ƙasa, na tura yatsa ya nutse kamar cikin tuwo. A jikin bangon nan yarana uku suke kwana.

Na jira mutane suka ragu, na durƙusa na faɗa wa Alhaji a hankali.

"Baba Alhaji, kifin nan daga cikin bango ya fito. Ruwa ya ci ginin har ciki."

Malamin ya yi dariya, ya ce, "Maman yara, ke da kika koyi baƙaƙe a yaƙi da jahilci, bar mana wannan fannin."

Alhaji ya ce gininsa ya girmi aurena, kuma ba a tona albarka da yatsa. Na ga ba kunne suka zo da shi ba. Na kwashe tabarmi da kayan yara na kai ɗakina, muka matsu mu biyar har da babansu, wanda shi ma ya yi ta gunagunin zafi.

Kwana huɗu bayan haka, da la'asar, ana yayyafin da bai isa ya jiƙa zane ba, bangon ya zauna. Ya rufe daidai inda autata take sa kai. Lokacin tana gefena tana tsince mini wake.

Malamin ya fito ya dubi tarin ƙasar, ya gyara tabarau, ya fara yi wa mutane bayanin ƙarfin iska. Na ja ƙofata na ci gaba da girki.