Rabin Moɗar Ruwa

Jiya wata ɗalibata ta ce labarin da na ba su babu komai a cikinsa, sai na tuna marigayi kawuna, tsohon malamin Hausa a Tambuwal. Haka na taɓa ce masa a kan wannan labarin wata la'asar a zaurensa, yana ɓarar gyaɗa. Labarin gajere ne: miji ya dawo daga kasuwar Kebbe, matarsa ta ba shi ruwa, ya sha rabi, ya miƙa mata sauran.

Kawu ya ce, "Ɗiyata, mi ya hana shi shanyewa?"

Na ce ƙila ya ƙoshi.

"A'a. Ya ji moɗar ta kankari gindin randa."

Daga nan ya daina ɓarar. A shekarar ce matar Kawu ta rasu. Allah Ya haɗa su a Aljanna.