Ranar da na tsaga bakin algaitar Kofur Ummaru

Shekara ashirin ke nan da rasuwar Kofur Ummaru na Wurno. Na tsufa, mai yiwuwa wasu abubuwa sun cakuɗe mini, amma zan faɗi iyakar abin da na riƙe.

Kofur ya yi busa a badujalar soja zamanin Turawa. Da aka sallame shi ya dawo gida da baƙar algaitar nan tasu da ake kira kilarinet, mutanen gari kuwa suka mai da shi abin dariya, wai ya je yaƙi ya dawo da taɓarya. Ni lokacin sabon malami ne. Na roƙi hedimasta a ɗauke shi ya koya wa ɗalibai busa, aka ce sai ya gwada kansa ranar wasannin makarantu a Rabah. In ya burge, aiki ya samu. In bai burge ba, ya ci gaba da ƙwadago a gonakin albasar mutane.

Da safiyar ranar, bayan mun isa Rabah, ya tafi gaida wani ɗan'uwansa, ya bar mini akwatin algaitar. Na buɗe, na ga bakin da ake sawa a leɓe ya yi dauɗa. A kwaleji an koya mana cewa tafasasshen ruwa ke kashe cuta, don haka na zuba masa. Ina jin ban gama ajiye butar ba na ji ƙas. Ya tsage a tsaye.

Da Kofur ya dawo ya busa, sai iska kawai ke fita.

"Malam, mi kay yi mai?"

"Wankewa na yi, Kofur."

"Shekara tara shina shan miyauna bai yi ciwo ba. Yini guda hannun mai ilimi, ga shi kwance."

Saura kamar awa ɗaya a kira shi, ya ja ni muka nufi bakin gulbi, inda wani dattijo masunci daga Goronyo ke gyaran koma. Dattijon ya juya abin a hannu ya ce, "Kifin ga na mi ne?" Kofur ya ce, "Baba, ka toshe shi yadda kaka toshe jirgi." Ya narka kakin zuma ya ɗura a tsagar, ya naɗe da zaren koma tam, ya tsinke da haƙori.

Muka koma filin wasa, Kofur ya busa. Sautin farko ya ɗan shaƙe. Daga nan ya buɗe. Kofur ya fara da taken soja, sannan ya juya zuwa waƙar da mata ke yi wajen daka. Ba zan rantse ba, amma ina ganin har masu tallar fura sun sauke ƙwarya. Waɗanda ke ce da abin taɓarya su suka yi ta neman ƙari. Kafin la'asar hedimasta ya ce ya zo aiki ran Litinin.

Yau na'ura ake kunnawa a bukukuwa. Ina zaton da ya gani zai tambaya, wa ke numfashi a ciki? Cikin ɗalibansa akwai waɗanda har yanzu suke busa, kuma ba su taɓa jin wannan labari ba, don bai tona ni ba har ya koma ga Allah.

Abu guda ke damuna: cikin ruɗewa ban tambayi sunan dattijon nan ba. Duk wanda ya halarci Rabah ran nan, ko ya san zuriyarsa a Goronyo, don Allah ya rubuto ya gyara mini, in san wa zan ambata a addu'a tare da Kofur.