Ribas Ba Mai Cewa Taho

Sallar asuba kawai muka yi muka bar Unguwar Lalle, ni da yayana, za mu Sakkwato neman lasin tirela. Yayan nan nawa ya daɗe yana jan gingimarin gero, sai wani attajiri a Isa ya sayi tirela ya ce zai ba shi, amma fa in bai kawo lasin ba kafin kasuwa ta zagayo, wani zai ba. Shi ya sa ko barci bai yi ba.

Daga Sabon Birni zuwa Isa gero ya yi kai, gwanin sha'awa, hanya kuwa ramuka sun cinye ta. A tashar Isa muka ci waina da miyar taushe, wainar ta ƙanƙance, kuɗinta ya girma. Muka shiga bas aka matse mu da buhunan albasa, yayana na ta koya wa direban tuƙi har Sakkwato.

Ashe lasin babbar mota ba wasa ba ne. Sai ka nuna ka jima da na ƙarama, a duba shekarunka, a gwada idonka, a ɗauki hoto da zanen yatsu, sannan ka hau motar a gani. Tuƙin gaba dai yayana ya yi shi tsaf. Sai jami'in da ke gwada shi ya jera durom-durom ya ce ya shiga tsakaninsu da baya.

Yayana ya sa giya, ya leƙo ta taga, ya tsaya yana jira. A wajenmu ai ba direban da ke ribas shi kaɗai, dole wani ya tsaya a baya yana dukan bodi. Na ruga na fara: "Taho! Taho!"

"Malam, kai za a ba lasin?" in ji jami'in. "Koma gefe."

"Ranka shi daɗe, to wa za ya ce min ya isa?" yayana ya tambaya.

"Madubi."

Wallahi sai na ga tirelar Isa tana kuɓuce mana. Yayana ya sauko yana gumi, ya goge madubin da gefen riga, ya daidaita shi, ya koma ciki, ya yi bisimilla. Ya rinƙa ja a hankali, ni kuma na cusa hula a baki don kada in yi ihu. Bai taɓa ko durom ɗaya ba.

Da ya diro ya ce, "Ashe madubin ga ba na gyaran hula ba ne!"

Washegari muka iso gida da lasin wucin gadi a aljihu, mata na guɗa. Na koyi cewa wani lokacin taimakon da za ka yi wa ɗan'uwanka shi ne ka matsa gefe ka kama bakinka, kuma ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba.